Tafin Hannu a Kan Murfi

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, ruwa ya ɗauke amma hadarin bai washe ba. Ina tsaye a bakin shagona ina duban sama, ina shawarar ko in sake shanya kayan mutane ko in haƙura, sai wayata ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyata. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Bar abin da kake yi ka same mu a asibiti. Ƙawata ce, tana ta jijjiga."

Ƙawar Inna ita ce Aku, 'yar yayana marigayi. Ba ta daɗe da cika shekara uku ba a lokacin. Ni na laƙaba mata Aku, don tun kafin ƙafarta ta yi ƙwari bakinta ya buɗe, duk abin da ka faɗa a gabanta yau, gobe sai ka ji shi a gaban baƙi. Ita ma ta rama. Wanki da guga nake yi, kuma riga ɗaya sai in daɗe a kanta har mai ita ya fara hamma. Yaya ya taɓa cewa a gabanta, "Wannan baffan naki ai kunkuru ne." Shi ke nan, ta riƙe. In ta hango ni daga nesa sai ta ɗaga murya, "Baffa Kunkuru, yi sauri mana, an kusa cinyewa."

Ranar nan dai kunkuru ya yi gudu. Ko gawayin dutsen guga ban tsaya juyewa ba.

Na same ta kwance an sa mata ƙarin ruwa, idonta rabi a buɗe. Uwarta, wadda nake kira Anti, tana zaune a gefen gado ta riƙe mata ƙafa ɗaya. Gaskiya an kwana biyu Aku ba ta jin daɗi. Ciwon ciki, ƙin abinci, kuka babu dalili, surutun ma ya ragu. Duk muka ce kewar uba ce. Yaya ya rasu a shekarar da ta gabata, ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Zubin tukwane yake yi. Yana narka tsoffin ƙarafa ya zuba a cikin yashi, tukunya ta fito, kuma ɗakinsu yana bayan filin da yake aikin.

Da sakamakon jini ya fito, likita ya kira mu. Ya ce gubar dalma ce, ta yi yawa ƙwarai a jininta. Ya tambayi sana'ar ubanta, Anti ta faɗa masa, ya gyaɗa kai kawai.

"Akwai magani," ya ce. "Shi kamar ƙugiya yake. Yana shiga jini ya kamo dalmar, ya fito da ita ta fitsari. Za mu fara da allura a nan, in ta samu sauƙi ku ci gaba da kafso a gida. Amma ku riƙe abu biyu. Na farko, in muna kwasa wani wuri yana zubawa, aikin banza muke yi, don haka sai an gano inda take samun ta. Na biyu, maganin yana fitar da dalma ne, ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata a cikin kai. Shi ya sa muke sauri."

Wannan na biyun na gane shi sarai. Tabon mai in an kawo shi da wuri yana fita. In an riga an bi ta kansa da dutsen guga, sai dai a rage.

Inna ta ce, "Likita, za ta yi magana dai ko?"

"Mu yi fata, Baba," ya ce.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin yara doguwa ce, mai tsiwa, kowa Sista yake ce mata. Ita ke yi wa Aku allura. In ta zo sai ta ce, "To, uwar masu gida, juyo mana da cinyar nan, ba mu da lokacin sarauta." Aku ta yi kuka, Sista ta ce, "Yauwa, muryar dai tana nan."

A hankali idonta ya washe. Wata safiya na shigo da kayansu da na wanke, ina ta laluben inda zan ajiye, sai na ji daga bayana an ce, "Kunkuru." Muryar a shaƙe, amma ita ce. Inna ta yi dariya har da tari. Anti ta juya ta fuskanci bango ta daɗe ba ta juyo ba.

Ana cikin haka ma'aikatan lafiya suka je tsohon ɗakin Yaya da wata na'ura. Suka auna ƙasa, suka auna bango da tabarma, suka ce nan ne, kada yarinyar ta sake kwana a wurin. Katifa, tabarma, 'yan kayan wasa, tukwanen da suka samu a ɗakin, duk suka kwashe. Tufafin da suka ce za su wanku na wanke su da hannuna, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Da aka sallami Aku, ita da Anti suka koma ɗakin Inna. Muka ce an gano ɓarawo, an toshe masa ƙofa.

Abu ɗaya ne na Yaya ya rage, shi ma don yana wurin Inna ne tun da daɗewa. 'Yar tukunya ce da ya zuba wa Aku lokacin da aka yaye ta. Ba ta fi ƙoƙon shan ruwa girma ba. Kafin ya zuba murfinta, ya ɗauki hannun Aku ya danna a cikin yashin zubi, ya ɗora nasa babban yatsa a gefe. Da ƙarfen ya huce, sai ga tafin hannunta a kan murfin, kowane layi ya fito raɗau, ga yatsan ubanta kusa da shi. Ya yi ta yawo da murfin nan yana nuna wa mutane kamar wanda ya ci gasa. Da can jefi-jefi ake dafa mata abu a ciki, in ta kwana wurin kakarta. Tun da ya rasu kuwa, Inna ta fi yawan ɗora ta.

To, kafson nan da aka ba mu yana da wari. In ka buɗe kwalbar sai ka rantse ruɓaɓɓen ƙwai ne a ciki. Sista ta koya wa Anti ta riƙa buɗe shi tana juye garin a cikin ɗan abinci. Aku ta shanshana sau ɗaya ta kulle baki. Aka sa a madara, ta tofar. Aka sa a ayaba, ta jefi Inna da ita. Anti ta lallaɓa, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza.

Inna ta ce, "Ku dai ba ku san ƙawata ba. Miƙo mini tukunyar ubanta."

Ta dafa 'yar shinkafa da miyar tumatir a ciki, ta bar ta ta dahu lugub. Da ta huce aka zuba maganin aka juya, aka rufe, aka ajiye a gabanta. Aku ta ɗora hannunta a kan tafin da ke murfin. Hannun ya riga ya fi shi girma, yatsunta sun zarce. Ta ce, "Nawa." Ta buɗe, ta cinye tas, har da suɗe gefe.

Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Abin da babba ya hango yana zaune."

"Mun ji, Inna," na ce, "yaro ko ya hau rimi."

"Kai ko rimin ma sai ka shekara kana hawa."

Daga ranar, safe da rana da yamma, a tukunyar nan ake dafa mata. In ta rage, a ciki ake barin sauran har lokacin magani na gaba. Ba ta taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Mun yi alfahari da dabarar nan. Ni har maƙwabcin shagona, wani kafinta da ba ya son surutu, na ba shi labari, ya ce "Uhm," ya ci gaba da goge katakonsa.

Da muka koma awon jini, likita ya ce dalmar ta ɗan hau, amma haka take yi, wadda ta ɓuya a ƙashi ce take fitowa. Ya ƙara mana magani. Awo na gaba ya daɗe yana duban takardar.

"Kuna ba ta maganin kuwa?"

Anti ta ce, "Likita, 'yata ce fa."

"Na sani, ki yi haƙuri. Dole in tambaya. Akwai inda take samun ta har yanzu."

Ya yi ta jero tambayoyi. Fentin bango, ruwan sha, tsohon batir a gida, abin da ake shafa mata a ido, maganin gargajiya. Duk babu. Ya tambayi kayan tsohon ɗaki, muka ce an kwashe su kaf, kuma gaskiya muka faɗa. Babu wanda tukunyar ta faɗo wa a rai. Ai ita a wurinmu tana ɓangaren magani ne.

Kalmomin Aku suka fara zubewa ɗaya-ɗaya, kamar maɓallan tsohuwar riga. Ta daina ba da labari. Ta daina tsokanar Inna. "Baffa" ya tafi, "Kunkuru" ya koma "Kuru", daga baya sai nuni da yatsa. In ka kira ta sai ta dube ka ta daɗe, kamar tana neman inda ta ajiye ka.

Inna ta ce wataƙila ni ne. Cikin masu kawo mini wanki akwai kanikawa da masu walda, ƙila ƙurar kayansu nake kawowa gida. Ban yi musu ba, ni ma na yi tunanin haka. Na sallami kanikawan, na ce su yi haƙuri su nemi wani. Kullum sai na yi wanka na sake kaya kafin in je. Duk da haka Inna ta ce in tsaya daga bakin ƙofa har a ga abin da hali zai yi. Sai in tsuguna a dokin ƙofa ina yi mata tafiyar kunkuru da hannu. Ta miƙo hannu in ɗauke ta, in ce, "Gobe, uwata." Ta gaji ta sauke hannun.

Jijjiga ta biyu ta fi ta farko tsanani. Aka sake kwantar da ita, aka koma allura. Da aka zo komawa kan kafso, tana asibiti har yanzu, sai ta kulle baki kamar da. Sista ta gwada duk dabararta ta kasa.

Inna ta ce, "'Yar nan, bar wahalar da kanki. Gobe zan kawo miki abin da ke buɗe bakin nan."

Washegari da hantsi ta zo da tukunyar ɗaure a cikin ɗankwali, da ɗuminta. Ta ajiye a kan ɗan teburin gefen gado. Sista ta zo za ta ajiye farantin magani, ta sa hannu ta ɗauke tukunyar don ta matsar da ita.

"Kai, wannan 'yar aba da nauyi kamar alhaki. A ina kuka saya?"

"Ba saya aka yi ba," Anti ta ce. Rabon da in ga fuskarta ta saki haka har na manta. "Babanta ne ya zuba mata. Duba murfin, hannunta ne."

Sista ta duba murfin. Ta juya tukunyar a hannu, ta sake jinjina ta. Tsiwar nan duk ta bar fuskarta.

"A nan kuke dafa mata?"

"Kullum," Inna ta ce. "In ba a nan ba ai ba ta ci."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka sallame mu."

Sista ta juya. Ta fita da tukunyar, abinci da komai. Aku ta bi ta da ido, ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Can sai ga Sista ta dawo tare da likita, tukunyar an juye an ɗauraye. Likita ya fasa wani ɗan tsinke mai auduga a baki, ya ce in akwai dalma audugar za ta canza launi. Ya goga a cikin tukunyar. Bai ma gama zagayawa ba ta yi ja.

Ya ce zafin wuta da tsamin tumatir su ke jawo ta daga jikin ƙarfen zuwa cikin abinci, kuma in abincin ya daɗe a ciki, ya fi kwasa. Ya faɗi haka a hankali, idonsa a ƙasa.

Inna ta zame ta zauna a kan siminti. "Ni na ce a miƙo mini ita," ta ce. "Da bakina."

Sista ta tsuguna ta riƙe mata kafaɗa. "Baba, tashi. Babu wanda ya sani. Mu ma da muke da na'ura ba mu tambaya ba."

Anti kuwa ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki murfin ta riƙe a cinya tana kallonsa. Da Sista ta ce dole a bar tukunyar a asibiti su san yadda za su yi da ita, sai ta miƙa mata murfin ma, ba tare da ta ɗago kai ba.

Da yamma na tafi tsohon filin aikin Yaya. Akwai wani dattijo da suka yi zubi tare, kowa Baba Mai Zuga yake ce masa. Na same shi yana tankaɗe yashi. Na ba shi labari. Ya ajiye rariyar, ya daɗe yana goge hannu a jikin riga.

"Ina nan ranar," ya ce. "Zubin farko layukan hannun ba su fito ba, ya fasa. Na biyu ma haka. Ka san mu a wurinmu, in ana son aiki ya fito da kyau, ƙarfe ya bi kowane lungu, sai a jefa 'yar dalmar kan batir a cikin narkin. Na kasuwa ba ma ɓata musu lokaci haka. Wannan ya ce ta 'yarsa ce, yana so ko layi ɗaya kada ya ɓace. Ya zuba da yawa. Ni na zuga masa wutar."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

"Amin. Yarinyar fa?"

Na ce da sauƙi. Abin da ake cewa ke nan.

Da na koma asibiti Anti ta san inda na je, ban san yadda aka yi ba. Tana gyara wa Aku zani, ta tambaye ni ba ta dube ni ba.

"Ya sani?"

"Bai sani ba, Anti. So yake ta yi kyau."

"Ai ta yi kyau," ta ce.

Daga nan dalmar ta fara sauka, kuma ba ta sake hawa irin na da ba. Maganin sai da ƙarfi ake ba ta, mutum biyu su riƙe, ɗaya ya ɗura. Ni ke riƙe ƙafafu, tunda yanzu an yarda in taɓa ta. Likita ya ce jinin ya yi kyau, ƙugiya ta yi aikinta. Inna ta sake yi masa tambayar nan tata. Wannan karon bai ce mu yi fata ba. Ya ce akwai masu koya wa yara irinta magana, zai haɗa mu da su, wasu yaran suna dawo da kaɗan, wasu fiye da kaɗan, shi ba zai yi mana alkawari ba.

Yanzu Aku tana tafiya, tana ci, tana dariya wani lokaci in na yi mata tafiyar kunkuru. Amma ba ta faɗin sunansa. In lokacin abinci ya yi, sai ta riƙa dafa hannu a kan tabarma, nan da can, tana neman inda za ta ɗora shi. Inna ta daina girki gaba ɗaya. Ta ce hannunta ciwo yake.

Ranar da za a sallame mu na tsaya a bakin ofishin Sista ina ta murza hula.

"Kunkuru, faɗi mana, kafin in yi ritaya."

Na ce murfin nake roƙo. Tukunyar su riƙe. Ba hoton Yaya ko ɗaya a gidanmu, babu komai nasa, sai yatsan nan.

Ta harare ni ta daɗe. Ta shiga ciki, ta fito da shi ƙulle a leda. "In na ji yarinyar nan ta taɓa shi, ko da ɗan yatsa, ni da kai ne."

Na kai shi shago na ajiye a saman kanta, ban san yadda zan yi da shi ba. Kafinta ya leƙo aron ashana ya gani, ya tambaya, na faɗa masa. Ya ce "Uhm," ya ɗauki ledar ya fita. Bayan kwana biyu na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da ɗan akwati a kan teburin guga. Katako ne mai santsi, gabansa gilashi, an liƙe kowace kafa ruf, murfin yana zaune a ciki a kan farin ƙyalle. Na leƙa shagonsa, ya rufe ya tafi wurin aiki.

Da la'asar na kai shi ɗakin Inna, da ƙusa da guduma a aljihu. Anti tana zaune a tabarma, Aku a cinyarta, tana ba ta abinci a sabon kwano. Inna ta ga abin da ke hannuna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na buga ƙusa a bango, na rataye, na ja da baya.

Aku ta sauka daga cinyar uwarta. Ta je gindin bangon ta ɗaga kai, ta yi ɗage, ta miƙa hannu. Yatsunta suka kusa kaiwa gindin akwatin. Bakinta ya motsa. Duk muka zuba mata ido muna jira. Ba abin da ya fito.

Anti ta dubi akwatin, ta mai da ido kan kwanon da ke hannunta.

"Ɗaga shi sama kaɗan," ta ce. "Tana girma."

Na zare ƙusar, na taka kujera, na sake bugawa a sama.